Hazo ko Hayaƙi? Ƙananan Ƙwayoyin Iska da Kumburin Ƙwaƙwalwa a Kudenda

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a iska, daga hanci har ƙwaƙwalwa, ta kuma auna abin da aka gano da yanayin Kudenda. Matsayarta ita ce burbushin abin da wuta ta ƙona ya fi cancantar a sa masa ido, kuma awon nauyi kaɗai yana ɓoye shi.

Gabatarwa

Kudenda unguwar masana'antu ce a kudancin Kogin Kaduna, daura da titin Nnamdi Azikiwe, wanda tireloli da tankoki ke bi tsakanin hanyar Abuja da ta Zariya. Ga hayaƙin man gas daga salansar manyan motoci, ga janaretoci, ga itacen girki da gawayi, ga bolar da ake cinna wa wuta. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma hunturu ya kawo tasa ƙurar, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ƙwayoyin da masana ke kira PM2.5 faɗinsu bai wuce kashi ɗaya cikin 400 na milimita ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage matsakaicin adadin da ta yarda da shi a shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska.

Wannan mataki ya yi kyau, amma awon nauyi ne, kuma nan maƙalar ta saɓa da masu dogaro da shi kaɗai. Ƙwaya ɗaya mai faɗin maikiromita 2 nauyinta ya kai na ƙwayoyi 8,000 masu faɗin maikiromita 0.1, idan daga abu ɗaya aka yi su. To a gari irin Kaduna, da hunturu ya kama sai ƙurar hamada ta cika ma'auni, a ce ai hazo ne, ruwan fari zai wanke shi. Hazo yana cutar da huhu, ba a musun wannan. Sai dai idan damina ta sauka lambobi suka faɗi, salansa da janareta ba su daina aiki ba.

Hanyar Bincike

An nazarci ayyukan da aka wallafa kan dabbobi, da gawarwakin mutane, da alƙaluman lafiyar jama'a, sannan aka jera su da hanyoyin da hayaƙi ke fitowa a Kudenda.

Sakamako

Hanya biyu ce zuwa ƙwaƙwalwa. Ta farko ta huhu: ƙwayoyin su tayar da kumburi, sinadaran kumburin su bi jini su raunana shingen da ke kare ƙwaƙwalwa. Ta biyu gajera ce. A 2004 Günter Oberdörster na Jami'ar Rochester ya nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin kabon mafiya ƙanƙanta kan bi jijiyar sansana wari daga hanci su isa ƙwaƙwalwa. Can sai su ci karo da maikirogiliya, 'yan sintirin ƙwaƙwalwa, waɗanda idan aka yi ta tsokanar su sukan zuba sinadaran da ke lahanta jijiyoyin da suke gadi. Lilian Calderón-Garcidueñas ta ga alamun wannan kumburi a ƙwaƙwalen karnukan birnin Meziko a 2002, ta kuma gan su a yara da matasan birnin a 2008.

Hujjar da ta fi nauyi ga Kudenda ita ce ta Barbara Maher ta Jami'ar Lankasta, a 2016. Ta duba naman ƙwaƙwalwar mutum 37 daga biranen Meziko da Manchesta, ta tarar da ƙwayoyin ƙarfe masu maganaɗisu da ake kira magnetayit. Jikin ɗan Adam ma yana yin irinsu, amma nasa masu kusurwa ne. Waɗannan kuwa mulmulallu ne, siffar da ƙarfe ke ɗauka idan ya narke a tsananin zafi ya daskare cikin iska, kamar yadda yake faruwa a injin mota da birki da tanderun masana'anta. Sun fi na jiki yawa nesa ba kusa ba, kuma ƙanƙantarsu, ƙasa da nanomita 200, ta isa su bi jijiyar hanci. Siffar ƙwayar ce ta tona asalinta: a wuta aka haife ta. Duk wanda ya tsaya bakin titin Nnamdi Azikiwe ya ga tirela mai kaya tana taka birki ya san ba a Meziko kaɗai ake haifar irinta ba.

Nisa da titi ma yana da tasiri. Binciken Hong Chen na 2017 a lardin Ontariyo na Kanada ya nuna cewa mazauna ƙasa da mita 50 daga babban titi haɗarin kamuwarsu da gigin tsufa ya ɗara na masu nisa da kashi 7 cikin ɗari. A Kudenda wannan tazara ita ce wurin sana'ar mai faci da mai shayi da mai tuyar ƙosai.

Iyakokin Bincike

Gaskiya ne hujjojin daga wasu ƙasashe suka zo, ɓera ba mutum ba ne, kuma samun magnetayit a ƙwaƙwalwa bai tabbatar shi ya kawo gigin tsufa ba. Hakan bai hana Kwamitin mujallar Lancet sanya gurɓatar iska cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin gigin tsufa a 2020 ba. Aikin da ke gaban masana a Kaduna shi ne ƙirga ƙwayoyin da tantance sinadaransu, a bakin titi da cikin unguwa, da damina da hunturu.