Fasahar gajimare: abin da kamfani ke samu da abin da yake miƙawa idan ya koma hayar kwamfuta

Fasahar gajimare, wadda masu Faransanci ke kira « informatique en nuage », tsari ne da kamfani ko ma'aikata ke hayar ƙarfin kwamfuta, wurin ajiyar bayanai da manhajoji ta intanet, maimakon ta sayi na'urorin ta girke su a ofishinta. Sunan gajimare kwatance ne kawai. Bayanan suna zaune ne cikin manyan kwamfutoci da ake kira saba, a jibga-jibgan gine-gine masu cin wuta da na'urorin sanyaya, waɗanda ake kira cibiyoyin bayanai.

Asali da ire-irensa

Kamfanin Salesforce, da aka kafa a Amurka a 1999, yana cikin na farko da suka sayar wa kamfanoni manhaja ta intanet bisa kuɗin wata. A 2006 Amazon ya buɗe hayar wurin ajiya da na sarrafa bayanai ƙarƙashin reshensa AWS. Google ya biyo baya a 2008, Microsoft kuma ya fito da Azure a 2010. A 2011 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da ma'anar da ake yawan dogara da ita, inda ta kasa hidimar gida uku.

Kashi na farko hayar na'ura ce zalla: kamfani ya karɓi saba da wurin ajiya, ya ɗora abin da yake so, ya kula da shi da kansa. Na biyu hayar dandalin aiki ne, inda masu rubuta manhaja ke gina tasu ba tare da kula da na'urar da ke ƙasa ba. Na uku hayar manhajar da aka gama ce, irin su Microsoft 365 ko Gmail na kamfanoni. Akwai kuma masu raba ƙafa, su bar wasu bayanai a gida, su kai wasu gajimare.

Abin da ke jawo kamfanoni

Banki ko kamfanin sufuri da ke riƙe da sabarsa sai ya tanadi ɗaki mai sanyi, injin wuta, batura da ƙwararren da zai zo ko da tsakar dare. Dole kuma ya sayi na'urar da za ta ɗauki aikin ranar da ta fi kowace cunkoso, kamar ƙarshen wata lokacin biyan albashi, alhali sauran kwanaki tana zaune rabin aiki. A gajimare ana ƙara ƙarfi cikin mintuna, a rage idan cunkoso ya wuce, a biya gwargwadon abin da aka ci, kamar kuɗin mitar wuta.

Sai dai ƙaurar tana cin lokaci. Netflix ya fara tasa a 2008 bayan rumbun bayanansa ya lalace, ya hana shi aika faifai ga masu haya har kwana 3. Bai kammala ba sai Janairun 2016, domin sake gina manhajojinsa ya yi maimakon ya kwashe su yadda suke.

Kuɗi

Haya ba kullum take fin saye araha ba. Yawancin manyan kamfanonin gajimare ba sa cajin shigar da bayanai, amma suna cajin fitar da su, ga kuma sabar da aka kunna aka manta, tana cin kuɗi dare da rana. Dropbox ya kwashe mafi yawan bayanansa daga AWS zuwa cibiyoyinsa a tsakanin 2015 da 2016, ya kuma bayyana cewa ya rage kashe kusan dala miliyan 75 cikin shekara 2. Wannan ya fi shafar kamfanin da aikinsa ke da girma kuma ba ya hawa da sauka.

Akwai kuma batun canji. Sefa tana ɗaure da Yuro a kan 655,957, don haka kamfanin Yamai, Garwa ko Njamena da ke biya da Yuro ya san abin da zai fitar. Wanda ke biya da dala kuwa lissafinsa na bin kasuwa, kamar yadda kamfanonin Najeriya suka gani lokacin da naira ta faɗi a 2023 da 2024.

Layin intanet

Duk aikin da aka kai gajimare ya rataya ne a kan layi. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, AWS ya buɗe a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024. Ga ƙasashen Sahel waɗannan wurare suna da nisa, kuma kamfanoni da dama a Turai bayanansu suke. Nijar da Chadi ba su da teku, sai intanet ɗinsu ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai wayoyin ƙarƙashin ruwa.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar tekun yammacin Afirka. Intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a Cote d'Ivoire, Laberiya, Benin, Ghana da Najeriya, hidimomin Microsoft sun tabu, abokan hulɗar wasu bankuna kuma suka kasa tura kuɗi. Gyaran ya ɗauki makonni. Shi ya sa masana ke ba da shawarar riƙe layi biyu daga kamfanonin sadarwa daban, a kuma tabbatar ba waya ɗaya suke bi ba.

Tsaro da doka

Kamfanin gajimare yana tsare gini da na'ura, amma kalmar sirri, izinin ma'aikata da saitin manhaja suna wuyan mai haya. A 2019 an sace bayanan mutum sama da miliyan 100 daga bankin Capital One na Amurka ta wata kafa da kuskuren saiti ya bari a buɗe. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, waɗanda ba su da kwafi a wani gari kuma suka rasa bayanansu har abada.

Wurin da bayanai suke yana da nasa hukunci. Dokar Amurka ta 2018 mai suna CLOUD Act ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanonin Amurka ko da a waje aka ajiye su. A Nijar, hukumar HAPDP ce ke sa ido kan kare bayanan jama'a, Najeriya ta yi sabuwar dokarta a 2023, yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kuma ta fara aiki a wannan shekarar. Kafin fitar da bayanan abokan ciniki waje, sai kamfani ya duba abin da dokar ƙasarsa ta yarda.

Kafin sa hannu

Ya kamata a karanta alƙawarin da ke cikin kwantiragi da lissafi a hannu. Kashi 99,9 cikin ɗari na nufin hidima na iya tsayawa kusan awa 9 a shekara, 99,99 kuma kusan minti 53, kuma diyyar yawanci ragin kuɗin haya ce, ba ta biyan asarar ciniki. A tambayi ƙasar da bayanai za su zauna, kuɗin fitar da su idan an so canza kamfani, da kuma aikin da zai ci gaba a ofis ranar da layi ya ɗauke. Kamfanoni da dama kan fara da imel da kwafin ajiya, su bar asusun kuɗi da albashi zuwa lokacin da ma'aikatansu suka ƙware.