Kwalbar da na kai Kano a makare

1/ Shekara uku ke nan aka ciro wa Yayata wani ƙululu a nono, a wani asibiti. Ranar Juma'a ce. Aka sa naman a kwalba aka ce a kai Kano a duba. Kwalbar ta kwana uku a ɗakinmu a Unguwar Hajji, ga zafin bazara, sai Litinin na shiga mota. Ma'aikacin ɗakin gwajin na buɗewa ya ce, "Ɗan samari, ai wannan ruwan gishiri ne. Naman ya ruɓe." Yanzu da nake karatun gwaje-gwajen asibiti a Jami'ar Bayero na gane abin da ya faru. Ku biyo ni.

2/ Da zarar an raba nama da jiki, sai ya fara cin kansa da kansa. Majemanmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke jiƙa fata da bagaruwa don kada ta ruɓe. A ɗakin gwaji, bagaruwarmu ita ce fomalin.

3/ Kuma tsintarsa aka yi. A 1893, wani likita a birnin Farankfot na Jamus, Ferdinand Blum, yana gwada sinadarin a matsayin maganin ƙwayoyin cuta, sai ya lura fatar yatsunsa ta yi tauri. Wani da sai ya wanke hannu ya manta. Shi kuwa ya jiƙa naman dabba a ciki, ya ga ya sandare ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Har gobe da shi ake aiki: fomalin mai ƙarfin kashi 10, yawansa ya ninka naman aƙalla sau goma, kuma a sa nan take. A hankali yake ratsa nama, kamar milimita ɗaya a awa, don haka babban ƙululu sai an tsattsaga shi.

4/ To nama ya tsaya, saura yanka. Gwada yanka ɗanyar hanta siriri kamar takarda ka ga ikon Allah. Dabarar da Edwin Klebs ya bayyana a 1869 ita ce a cusa wa naman kaki, irin na kyandir. Amma kaki da ruwa ba sa ga maciji. Sai a janye ruwan da alkohol mataki-mataki, a kori alkohol da zailin, sannan narkakken kaki ya shiga. Wannan kaɗai kwana guda yake ci. In ana wasa da wuta kuwa, ku ƙara lissafi.

5/ Injin yankan, maikurotom, irin mai juyawa da muke koyo a kai, Charles Minot na Jami'ar Habad ne ya fito da shi wajen 1886. Kana murɗa hannu kamar keken ɗinki, yankakken kakin yana fitowa a jere kamar zirin kyalle. Kaurinsa maikuromita 3 zuwa 5, gashin kanka ya ninka shi fiye da sau goma. Ranar farko na yi numfashi da ƙarfi, wallahi aikin rabin awa ya tashi sama. Sai a ɗora yankan kan ruwa mai ɗumi ya miƙe, a kwashe shi da gilashi.

6/ Nan ne wurin da ya fi burge ni. Yankan ba shi da launi, sai an rina. Rinin kuma daga marina aka aro shi, aikin da 'yan Ƙofar Mata za su gane da kallo ɗaya. Hematoksilin daga wata bishiya ake samunsa ta yankin Kamfece a ƙasar Meziko, wadda Turawa suka yi ta sara suna kaiwa gida don rinin tufafi. Da farko bai kama nama sosai ba, sai a 1865 Franz Böhmer ya haɗa shi da alif. Eh, alif ɗin da iyayenmu ke jefawa a randa ruwa ya kwanta. Shi ke rina cibiyar ƙwayar halitta shuɗi. Bayan shekara goma da 'yan kai aka haɗa shi da iyosin mai jan launi. Da waɗannan biyun likita ke raba sankara da ƙululun da ba shi da illa.

7/ Saboda haka in an ce ku dawo bayan mako ɗaya ko biyu, ba lallai ne wulaƙanci ba. Amma in an miƙo muku kwalba, ku tambaya: "Fomalin ne a ciki?" Warinsa na hawa kai, yana sa hawaye. Kar ku buɗe, kar ku sa a firiza, ƙanƙara farfasa ƙwayoyin take yi. A rubuta suna a jikin kwalbar, a haɗa da takardar likita, a kai da wuri.

8/ Na Yaya ba a iya maimaitawa ba, don ƙululun guda ɗaya ne kuma duka aka cire. Tana nan lafiya, Alhamdulillahi, har ta sake haihuwa. Sai dai duk wata shida tana zuwa a duba ta, kuma duk zuwan da na yi gida hutu sai ta ce, "Ƙanina, har yanzu ba a koya muku gyara wanda ya ruɓe ba?"