Masu neman mafaka da kasuwar ƙwadago: Daga Kurdawa da Larabawan Siriya zuwa iyakar Bagudo

Duk garin da yaƙi ko ta'addanci ya koro wa baƙi, bayan an shimfiɗa musu tabarma an ba su ruwa, akan dawo ga tambaya guda: idan suka shiga neman abinci, me zai sami ladan 'yan gari? Tambayar ta daɗe tana tayar da ƙura a Turkiyya da Jodan da Jamus saboda kwararar Larabawa da Kurdawan Siriya. Yanzu kuma ta matso kusa da gida, domin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi tana maƙwabtaka da arewacin Jamhuriyar Benin, yankin da hare-haren 'yan bindiga ke raba mutane da ƙauyukansu.

Wane ne mai neman mafaka?

Doka ta bambanta mutum uku da jama'a kan haɗa su wuri ɗaya. Ɗan ci-rani shi ne wanda ya bar gida da son ransa don neman kuɗi. Mai neman mafaka shi ne wanda ya tsallaka iyaka ya nemi kariya, ana kan duba buƙatarsa. Idan an amince da ita, ya zama ɗan gudun hijira a hukumance.

Tushen wannan tsari shi ne Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, wadda Najeriya ta shiga a 1967. Sashe na 33 ya hana mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari, sashe na 17 kuma ya yi magana kan damarsa ta yin aikin lada. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta faɗaɗa ma'anar, ta haɗa da waɗanda mamaya ko rugujewar zaman lafiya ta kora. A cikin gida, Doka ta 52 ta 1989 ce ta kafa hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa.

Abin da ya faru da Kurdawa da Larabawa

Kurdawa al'umma ce da ke warwatse tsakanin Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya, ba su da ƙasa ta kansu, kuma daga cikinsu Salahuddin Ayyubi ya fito. Yaƙin Siriya da ya ɓarke a 2011 ya kore su tare da Larabawa maƙwabtansu. A watan Satumbar 2014, lokacin da mayaƙan IS suka doshi garin Kobani, sama da mutum 130,000 suka shiga Turkiyya cikin 'yan kwanaki. Jimillar 'yan Siriya a Turkiyya ta kai kimanin miliyan 3.6, kafin komawa gida ta ƙaru bayan faɗuwar gwamnatin Bashar Assad a Disambar 2024.

Turkiyya ba ta fara ba su takardar izinin aiki ba sai a Janairun 2016. Kafin nan, da ma bayan nan, akasarinsu sun yi aiki ne a ɓoye, a masaƙu da wuraren gini da gonaki, kan lada ƙasa da na doka. Masana tattalin arziki da suka bi diddigin lamarin sun gano cewa waɗanda suka fi jin jiki su ne Turkawa marasa ilimin boko mai zurfi, musamman mata, da ke aikin da ba shi da rajista. A lokaci guda kuma guraben aiki masu rajista sun ɗan ƙaru ga 'yan ƙasa, kuɗin hayar gida ya tashi a garuruwan kan iyaka, 'yan Siriya kuma sun kafa dubban kamfanoni a birane irin su Gaziantep da Istambul.

Jodan ta bi wata hanya. A Fabrairun 2016 ta ƙulla yarjejeniya da ƙasashen Turai kan bayar da takardun aiki har 200,000, su kuma su ba ta tallafi da rangwamen kasuwanci. Jamus ta karɓi masu neman mafaka kimanin 890,000 a 2015 kaɗai, ta zuba kuɗi wajen koya musu harshe da sana'a. Binciken cibiyar nazarin ƙwadago ta ƙasar ya nuna cewa kusan rabin waɗanda suka zo a wancan zango sun samu aiki bayan shekara biyar.

Darasin a taƙaice shi ne: yawan aiki a gari ba tuwo ba ne a kwano, da za a ce loma ɗaya ta baƙo ta rage ta ɗan gida. Baƙo yana sayar da ƙarfinsa, amma yana sayen hatsi da sutura da magani, yana biyan haya. Sai dai riba da asara ba sa faɗa wa mutum ɗaya. Mai gona da mai gida da ɗan kasuwa su ke cin riba, lebura shi ke ɗaukar asara, kuma asarar ta fi tsanani idan doka ta tura baƙo aiki a ɓoye.

Yadda iyakar Bagudo take

Bagudo tana bakin Kogin Neja, kuma garuruwanta irin su Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya suna kan tsohuwar hanyar fatake. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta shata iyakar da ta bar Illo a hannun Ingila, ta raba dangi gida biyu. Har gobe Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa suna zaune a ɓangarorin biyu, da auratayya da cin kasuwar juna. Daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana a lardin Alibori na Benin.

Tun daga ƙarshen 2021 masu iƙirarin jihadi da ke tsallakowa daga Burkina Faso da Nijar suke kai hare-hare a arewacin Benin, musamman kewayen gandun dajin W da na Panjari. A watan Afrilun 2025 gwamnatin Benin ta tabbatar da kashe mata sojoji 54 a rana guda a Alibori. Ta ɓangaren Najeriya kuma, rundunar soji ta sanar da ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi a Nuwambar 2024. Ke nan mazauna kan iyakar suna tsakanin wuta biyu, kuma gudu yana iya fuskantar kowane ɓangare.

Akwai abubuwa uku da suka bambanta wannan yanki da Turkiyya ko Jamus. Na farko, harshe da addini da sana'a ɗaya ne, don haka wanda ya gudo yakan sauka gidan ɗan'uwa ko mai masauki, washegari ya bi 'yan gari gona. Na biyu, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Benin damar shiga Najeriya ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, abin da ke rage buƙatar gabatar da kai a matsayin mai neman mafaka. Na uku, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na ma'aikatan Najeriya suna aiki ne ba da rajista ba. Mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a 2024 bai shafi ƙwadagon gona na lokaci-lokaci ba, haka ma wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ciniki ne kawai ke yanke lada.

Wa ke ci, wa ke asara?

Tattalin arzikin yankin ya dogara ne ga shinkafa da albasa da kamun kifi da kiwo da sufuri. Noman shinkafa ya ƙara bunƙasa a Kebbi bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015. Lokacin dashe da yanka da bugu, hannu kan yi ƙaranci a fadama, ƙarin ma'aikata alheri ne ga mai gona. Amma idan aiki ya ja baya, masu dako da 'yan ga-ruwa da 'yan kabu-kabu da matuƙan kwalekwale su ke rububin ɗan abin da ya rage, kuma wanda yunwa ta fi matsa wa shi ke karya farashi.

Darajar kuɗi ma tana da tasiri. Sefa tana ɗaure da Yuro, Naira kuwa ta faɗi ƙwarai bayan an sake ta a Yunin 2023. Saboda haka lada a gonakin audugar Alibori ya fi kwaɗaitarwa idan an canza shi, kuma wanda ya baro can ya zo nan neman Naira, galibi tsoro ne ya koro shi.

Tarihi ya nuna cewa manufofin gwamnati sun fi baƙi girgiza ayyukan kan iyaka. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya tsayar da direbobi da dillalai da masu lodi da masu sayar da abinci, kuma iyakar Kamba da ke maƙwabtaka ba a buɗe ta ba sai a Afrilun 2022. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, kimanin miliyan biyu, yawancinsu 'yan Ghana, amma korar ba ta warkar da tattalin arzikin da faɗuwar farashin man fetur ta durƙusar ba.

Misali daga Maraɗi

Misali mafi kusa shi ne wanda 'yan Najeriya suka zama baƙi a cikinsa. Daga 2019 dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji. Ƙauyawa ne suka fara sauke su. Daga baya gwamnatin Nijar da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka mayar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda ruwan sha da makaranta da asibitin da aka samar suka zama na baƙi da 'yan gari baki ɗaya.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma gudun hijira kan ɗauki shekaru. Abin da ya tabbata daga Gaziantep zuwa Maraɗi shi ne, rajistar baƙi da wuri tana amfanar tsaro da ƙididdiga, barin su su yi aiki a sarari yana hana a karya lada da su, kuma tallafin da ya tsallake talakan gari shi ke haifar da gaba. Waɗannan ne ma'aunan da hukumomin Kebbi da masarautar Gwandu da shugabannin kasuwannin kan iyaka za su duba duk ranar da baƙi suka ƙwanƙwasa ƙofa.