Bagauda da Tiga: Tarihin Wurin Shaƙatawar da Gwamnati ta Gina

Duk wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan ya san tafkin Eleyele, wanda Turawan mulkin mallaka suka samar a 1942 ta hanyar datse kogin Ona domin shayar da birnin. A lokacin unguwarmu, wadda aka kafa a 1916, ba ta cika shekara talatin ba. Ruwan sha aka nufa da Eleyele. Domin ganin inda aka taɓa yunƙurin mayar da bakin tafki wurin hutu na sosai, sai mun koma gida Arewa, mun duba Bagauda da Tiga, a Ƙaramar Hukumar Bebeji ta Jihar Kano.

A ƙasashe irin su Kanada da Amurka akwai ƙananan garuruwa na bakin tafki da suka rayu a kan baƙi. Mutumin birni kan mallaki ɗan gida na katako a gaɓar ruwa, ya kwaso iyalinsa da bazara su yi iyo da kamun kifi. Yana biyan haraji ga hukumar garin, saboda haka yana da bakin magana a kan hanya da tsabtar ruwa. Wannan al'ada ba tamu ba ce, ko da yake fita bayan gari domin hutawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarakunan Kano suna da gidaje a Fanisau da Ɗorayi tun kafin zuwan Turawa. Talaka kuwa hutunsa na bayan kaka ne, lokacin kalankuwa da dambe da kokawa da farauta da su.

A watan Mayu na 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Baƙo gwamnan Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau. Babban abin da ya sa a gaba shi ne ruwa. Ƙasa ce mai yawan jama'a da gajeriyar damina, ruwan sama kan zo ya wuce cikin 'yan watanni, manomi ya zauna hannu sake ko ya tafi cin rani. An fara da madatsar Bagauda, wadda aka kammala wajen 1970, aka sa mata sunan sarkin da littafin tarihin Kano ya ce ya fara sarauta a shekara ta 999. Sai kuma babbar, wato Tiga, a kan kogin Kano, wadda aka gama a 1974. Tsawonta ya kai kilomita 6, tana kuma iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Farin da ya auka wa ƙasashen Sahel a tsakanin 1972 da 1974 ya rufe bakin masu ganin aikin ɓarnar kuɗi ne.

To, da ruwa ya taru, sai gwamnati ta ga ai ana iya jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Aka gina Otal ɗin Tafkin Bagauda, mai ƙananan gidajen kwana a warwatse kusa da ruwa, aka kuma ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse a Tiga, yana kallon tafkin. Kuɗin man fetur ya shigo, motoci sun yawaita, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da Turawan kamfanoni da Kwarori sukan fito daga Kano ranakun hutu. Hukumomi kuma suka mayar da Bagauda zauren taro, inda ake keɓe malamai da jami'ai kwana da kwanaki nesa da hayaniyar birni.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu lura. Gidajen nan ba na kowa ba ne, na gwamnati ne. Baƙo yakan biya kuɗin ɗaki, ko ma'aikatarsa ta biya masa, ya kwana biyu ya kama gabansa. Bai mallaki ko taku ɗaya ba a wurin, balle ya damu da rufin da ke yoyo. Mutanen karkarar kuwa, waɗanda ruwan Tiga ya ci gonakin wasu daga cikinsu har aka tashe su zuwa sababbin matsugunai, rabonsu a harkar otal bai taka kara ya karya ba. An samu wurin hutu, amma ba a samu gari mai cin abinci da hutun ba. Kowa ya san halin kayan gwamnati a ƙasar nan: ranar da mai kula ya kau da kai, ranar suke fara mutuwa.

Audu Baƙo ya bar mulki a watan Yuli na 1975, ya rasu a 1980. Kasuwar fetur ta faɗi a farkon shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, ma'aikacin da ke kai iyalinsa bakin ruwa ya koma lissafin kwanon masara. Sannan a watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle, ruwa ya share gonaki da gidaje. An sake gina ta, amma otal ɗin bai koma kan ganiyarsa ba. Daga bisani, da aka rarraba Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya zuwa rassa, sai aka ba ta wurin ya zama reshenta na Kano. Inda attajirai ke shan iska, yanzu ɗalibai ne ke haddar dokoki. Mu a ganinmu wannan ya fi a bar wa jemagu gine-ginen, kamar yadda Rock Castle ya shafe shekaru a yashe.

Ruwan kansa bai yi ritaya ba. Daga Tiga ake sako shi ta magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Shinkafar Kura da alkama da tumatirin rani duk daga nan suke, masunta ma sun samu abin yi. Sai dai ribar wani asarar wani ce: a can ƙasa, fadamun Haɗeja da Nguru sun rage samun ambaliyar da manoma da makiyaya da masunta suka dogara da ita tun kaka da kakanni, kuma an daɗe ana jayayya a kan yawan ruwan da ya kamata a sakar musu.

Mu mazauna Kurmi ma amfanin tafkin yana iske mu har gida. Da rani ake loda kwandunan tumatir a kasuwar Kwanar Gafan, manyan motoci su kwana suna tafiya, su sauke a Ibadan, inda 'yan'uwanmu dillalai ke jiran su tun da asuba.