Na'ura Ta Gani, Wa Zai Yanke Hukunci? Batun Zanen Vermeer na Dresden

Tsohon zanen fenti na Turai hawa-hawa yake: katako ko yadi a ƙasa, sai shafen share fage, sai zayyanar farko da mai zane ya ja da gawayi ko baƙin alli, sai launuka, sannan banish a sama. Yau masu adana zane suna leƙa waɗannan hawa ba tare da sun taɓa su ba, kuma haske ne makaminsu. A ƙarƙashin hasken altirabayolet tsohon banish yakan yi kore-kore, facin da aka yi daga baya kuma ya fito da duhu. Hasken infirared yana ratsa yawancin launuka amma gawayi yana shanye shi, don haka zayyanar farko takan bayyana. Masanin nan na Holan, van Asperen de Boer, shi ya inganta wannan dabara a shekarun 1960. Eksire kuwa dalma ce ke tare shi, shi ya sa duk inda aka shafa farin fenti mai dalma yake fitowa fari tas. Har na'urar da likitocin ido ke duba bayan ido da ita an aro, ana auna kaurin banish.

Hujjar wannan maƙala ita ce, hoton da na'ura ta fitar shaida ce kawai. Yana nuna abin da ke ƙasa, amma sau da yawa ba ya faɗin wanda ya rufe shi, balle ya ce a buɗe.

A gidan adana zane-zane na Dresden a Jamus akwai zanen Johannes Vermeer na wata budurwa da ke karanta wasiƙa a bakin taga, wanda ya yi wajen 1657 zuwa 1659. An saye shi a 1742, a lokacin ma ana zaton aikin Rembrandt ne. A da, bangon da ke bayan budurwar fari ne, babu komai. A 1979 hoton eksire ya nuna cewa a ƙarƙashin farin akwai hoton Kiyufid, gunkin soyayya na Rumawa, rataye a bango. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to an gani, amma fassarar da aka yi wa abin da aka gani ta kauce. Masana suka tafi a kan cewa Vermeer da kansa ya shafe hoton don ya rage hayaniya a zanen, aka yi ta yabon kamewarsa kusan shekara 40.

A 2017, da mai gyaran zane Christoph Schölzel ya fara wanke zanen, sai ya lura fentin wannan gefen bangon ba ya amsa sinadarin wanki yadda sauran yake amsawa. Aka ɓanɓari ƙwarzane ƙanana aka duba a madubin bincike. Tsakanin fentin Vermeer da farin da ya rufe shi aka tarar da tsohon banish da datti. Datti ba ya taruwa a mako guda. Ke nan Kiyufid ya shekara da shekaru a buɗe kafin wani hannu ya rufe shi, bayan rasuwar Vermeer a 1675. Abin lura a nan shi ne, abin da ya warware matsalar ba hoto ba ne. Hannun mai gyara ne da ɗan ƙwarzanen da aka cira. Bayan shawarar kwamitin masana, Schölzel ya kankare farin da aska a ƙarƙashin madubi, aka baje zanen ga jama'a a 2021.

Akwai masu cewa an yi asara, kuma maganarsu ba ta banza ba ce: fiye da shekara 250 duniya ta san zanen da farin bangonsa, wannan kamar kuwa ba za ta dawo ba. Irin wannan ce-ce-ku-ce ya tashi a 2020 a kan ɗan ragon da ke zanen 'yan'uwa van Eyck na 1432 a birnin Ghent na Beljiyam, lokacin da aka cire shafen ƙarni na 16 fuskarsa ta fito da idanu irin na mutum. Duk da haka ina ganin Dresden ta yi daidai, domin dattin ya tabbatar da cewa shafen ba na mai zanen ba ne.

A kwatanta da zanen ciyawa na van Gogh na 1887 da ke gidan adana zane na Kröller-Müller. A 2008 masana Joris Dik da Koen Janssens suka bayyana cewa sun haska shi da eksire mai ƙarfi a Hamburg, sun fito da fuskar wata mace a ƙarƙashi, har da kusan launinta. Van Gogh da hannunsa ya rufe ta, kuma ba wanda ya ce a kankare ciyawar. Macen tana nan a hoto, ciyawar tana nan a bango.

Saboda haka, duk gidan adana zane da na'ura ta nuna masa wani abu a ɓoye, ya wallafa hotunan, ya bar masana su yi gardama a kai. In bai samu shaida mai ƙarfin ta Dresden ba, kada ya ɗauki aska.