Hoton ciki: kyau ko gaskiya?

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai juna biyu sikanin sau ɗaya kafin cikin ya kai mako 24. Matar da ta taso daga wani ƙauyen Gwaram, ta biya kuɗin mota zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, mai yiwuwa wannan ɗayan shi ke nan har ta haihu. Don haka ingancin hoton nan ya dame ni ƙwarai.

Na'urar sikanin, sauti take turawa cikin jiki, megahaz 3 zuwa 5 idan ciki ake dubawa, sannan ta saurari amsa-kuwwa. Tana lissafin zurfi ne bisa ɗaukar cewa sauti na gudun mita 1540 a daƙiƙa a duk sassan jiki, alhali a cikin kitse ya fi haka nawa. Kuma ƙananan amsa-kuwwa kan yi karo da juna, sai fuskar na'ura ta cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero.

Hanya mafi arha ta kawar da ɗigon ita ce a goge hoton bayan an ɗauka. Matatar hoto da wani mai bincike, Lee, ya fitar a 1980, da wadda wasu masu binciken, Yu da Acton, suka inganta a 2002, duk a wannan layi suke, kodayake ta biyun tana ƙoƙarin kiyaye gefuna. To amma gugar da ta wuce kima kan tafi da abin da likita yake nema: gefen ƙoƙon kan tayi, ƙarshen ƙashin cinya, da inda mabiyiya ta tsaya kusa da bakin mahaifa. Da waɗannan ake ƙidayar makonni, da su ake gane wadda jini zai iya ɓalle wa.

Ni dai na fi amincewa da gyaran da ake yi tun wajen ɗauka: a harba sautin ta kusurwoyi da dama a haɗa hotunan, ko a saurari ninkin sautin da naman jiki ke haifarwa da kansa, dabarar da ta bazu a ƙarshen shekarun 1990. Waɗannan sabon bayani suke ƙarawa.

Yanzu ga ƙananan na'urori masu haɗuwa da wayar hannu, kuma irinsu ne za su iya kaiwa asibitocin karkara. Kafin a saya, a gwada awonsu da na babbar na'ura a kan mata ɗaya, a kuma tabbatar ungozoma na iya rage gugar da hannunta.