Gayyar Lissafi da Rigimar Fili a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Abin da na ke so in tattauna a cikin wannan ɗan rubutu shi ne tarihin wata irin gayya da masu ilmin kimiyya suka ƙago, wadda a ke ba da aron kwamfuta a cikinta maimakon a zo da fartanya. Watau masani yana da lissafin da ya fi ƙarfin na'urar jami'arsa, sai ya gutsuttsura shi, ya aika wa dubban mutane ta intanet, kwamfutar kowa ta yi nata gutsuren sa'ad da mai ita ba ya aiki da ita, ta mayar da amsa. Ba a biyan kowa ko anini. Galibin masu ba da wannan labari su kan tsaya kan yawan jama'ar da suka shiga. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne wata rigima da ta bi gayyar tun daga farkonta, watau yawan filin da wannan baƙo zai ci a ƙwaƙwalwar kwamfutar mai gida.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya rarrabe abubuwa uku. Akwai injin lissafi, shi ne ma'aikacin. Akwai faifan ajiya, shi ne kamar rumbu. Sa'an nan akwai ƙwaƙwalwar aiki, wadda 'yan kasuwar kwamfuta ke kira RAM, ita ce kamar masussuka, domin duk abin da za a yi aiki a kansa sai an ɗebo shi daga rumbu an baza a kanta. Ba da aron ma'aikaci abu ne mai sauƙi. A kan sa manhajar gayya a ƙarshen layi, da zarar mai gida ya taɓa maɓalli sai injin ya koma kan aikinsa kafin ƙiftawar ido. Amma dammunan da baƙo ya baza suna nan inda su ke. In fili ya cika, sai kwamfuta ta shiga jigilar kaya tsakanin masussuka da rumbu, faifai kuwa ya fi ƙwaƙwalwa nawa sau dubbai. Nan ne mutum zai ga na'urarsa tana jan ciki, abin da zai biyo baya kuwa shi ne ya goge manhajar, gayya ta yi asarar mutum guda.

Tun kafin intanet ta shiga gidaje an ɗanɗani wannan matsala. A cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, John Shoch da Jon Hupp sun rubuta wata manhaja da suka kira tsutsa, wadda ke bin kwamfutocin ofis tana neman waɗanda ba kowa a kansu, ta shiga ta yi lissafi. Sun buga labarin a 1982. A ciki sun faɗi yadda suka bar wata tsutsa ta kwana tana aiki, da gari ya waye suka tarar da na'urori da dama sun sandare, kuma ko an tayar da su sai tsutsar ta sake shiga ta kayar da su. Wannan tsutsa na'urar ta ke kamawa gaba ɗaya, ba ta san rabon fili ba.

Gayyar gidaje ta sosai ta fara ne a 1996, sa'ad da George Woltman ya kafa GIMPS domin farautar manyan lambobi waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu ko da 1, irin waɗanda a ke jingina wa Marin Mersenne, wani malamin kirista na Faransa a ƙarni na 17. A watan Nuwamba na shekarar aka sami ta farko a kwamfutar wani Bafaranshe. Manhajar Woltman, Prime95, ta zo daga baya da wata dabara mai ban sha'awa. Akwai wani mataki na neman abin da zai raba lamba wanda ya fi yin kyau in an ba shi fili mai yawa. Sai aka bar wa mai kwamfuta gurbi biyu ya cike: mega nawa ya yarda a ci da rana, mega nawa da dare, da kuma ƙarfe nawa rana ke farawa a wurinsa. A wancan lokacin, in bai ce komai ba, mega 8 kawai a ke taɓawa. A ganina wannan shi ne ladabin da ya sa aka daɗe ana yarda da ita.

Wadda ta fi kowace suna ita ce SETI@home, wadda Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta saki ranar 17 ga Mayu, 1999. Ana naɗar sautin sararin sama da babban kwanon rediyo na Arecibo a tsibirin Puerto Rico, mai faɗin mita 305, a aika da kaset zuwa Berkeley, a yayyanka shi gutsure-gutsure na wajen daƙiƙa 107, kowane bai kai rabin mega ba, a raba wa jama'a su duba ko akwai alamar saƙon wasu halittu masu hankali. Gutsuren ƙarami ne domin ya iya bi ta wayar tarho, amma in aka baza shi za a yi aiki ya kan ci fili fiye da haka ƙwarai. Sabo da haka aka ce sai mai mega 32 zai shiga, kuma manhajar ba ta motsi sai an bar kwamfuta zaune har allonta ya rufe da hoton nan mai zane-zane. Wanda ke son ta yi aiki ba dare ba rana, an nemi ya kasance yana da mega 64. Mutane sama da miliyan biyar suka yi rajista. Ko da ya ke har aka gama ba a ji muryar kowa daga sama ba, wannan wani zance ne dabam.

To, da ayyuka suka yawaita, sai ya zama kowane masani da manhajarsa da ƙa'idarsa. Folding@home ta Jami'ar Stanford ta fito a 2000 tana nazarin yadda furotin ke naɗewa, aikin kwaikwayon yanayin duniya na Jami'ar Oxford ya biyo a 2003. David Anderson na Berkeley ya fara gina BOINC a 2002 domin ta zama sarkin gayya guda mai raba wa ayyuka da yawa lokaci da fili, a ƙarshen 2005 kuwa aka rufe tsohuwar SETI@home, kowa ya koma can. A nan ne aka bar ƙidayar mega aka koma kaso. Ƙa'idar da manhajar ke zuwa da ita ita ce kada a wuce kashi 50 cikin 100 na ƙwaƙwalwa in mai gida yana aiki, kada a wuce kashi 90 in ba ya nan. Yadda ta ke gane ba ya nan kuwa shi ne a yi minti 3 ba a taɓa komai ba. Aikin da ya zarce iyaka sai a dakatar da shi, a rubuta a gabansa cewa yana jiran fili. Uwar garken ma ba ta aiko wa ƙaramar kwamfuta aikin da ta san ba zai shiga ba.

Sai dai akwai wata tambaya da kaso bai warware ba. In an dakatar da aiki, a kwashe shi daga ƙwaƙwalwa ko a bar shi a baje? In an kwashe, mai gida ya sami filinsa, amma aikin zai koma ne daga wurin da ya yi alama ta ƙarshe a faifai, duk abin da aka yi bayan nan ya tafi a banza. In an bari, ba a yi asarar komai ba, amma baƙo yana barci a tsakar gida. BOINC ba ta yanke hukunci ba, ta bar wa mutum ya zaɓa. Masu aikin yanayi, waɗanda lissafinsu guda kan ɗauki makonni ko watanni, su kan shawarci juna a bar shi a baje, domin yawan kwashewa da mayarwa kan lalata musu aiki.

Mutum zai zaci da ƙwaƙwalwa ta yi araha, aka tashi daga mega aka koma giga, rigimar za ta mutu. Ba ta mutu ba, domin daga tsakiyar shekarun 2000 injin lissafi ya zama mai kawuna da yawa, kowane kai kuma da aikinsa da filinsa. Ayyukan ma sun ƙara ci. Rosetta@home, wadda ɗakin binciken David Baker na Jami'ar Washington ya buɗe a 2005 (shi ne ya sami rabon kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024), an san ta da gutsuren da kan ci ɗaruruwan mega, wani har ya haura giga. Alal misali, mai kwamfutar kawuna 8 da giga 8, in ya bar ƙa'idar rabi, giga 4 ke nan; in kowane aiki na cin giga guda, huɗu za su yi tafiya, huɗu su zauna jira har ya tashi daga kan kujera. Ko dai ya ɗaga kason ya haƙura da nawa, ko ya rage yawan kawunan da ya ba da aro. Ni dai na fi ganin hikimar ta biyu.

SETI@home ta daina raba aiki ranar 31 ga Maris, 2020, kwanon Arecibo kuma ya rushe a Disamba ta shekarar. A cikin wannan shekara ce jama'a suka yi wa Folding@home tururuwa sabo da annobar korona, har ƙarfinta ya zarce na kowace babbar na'ura guda a lokacin. GIMPS kuwa ta sami lambarta mai alƙaluma 41,024,320 a watan Oktoba 2024, amma ba a ɗakin kowa ba. Luke Durant, tsohon ma'aikacin Nvidia, hayar dubban injuna ya yi a rumbunan kwamfutoci na ƙasashe 17, bayan shekara 28 kwamfutocin gida da na ofis ne ke samo waɗannan lambobi.